Holan, Faransa, Ostiriya ko Maroko: ina ya fi dacewa da mota mai ɗakin kwana da keke?

Wanda ya yi niyyar hutu da mota mai ɗakin kwana, ya kuma ɗaura kekuna a bayanta, yana da wata matsala da mai yawon keke zalla bai san ta ba. Keke gaba yake yi, motar kuwa tana nan inda aka ajiye ta. Idan ka bi bakin kogi daga hantsi zuwa la'asar ka ci kilomita 50, to gadonka da tukunyarka da kayan sawarka suna can baya, kuma dole ka koma musu kafin dare. Masu tallar wuraren shaƙatawa ba su cika faɗin wannan ba, sai dai su nuna hoton kogi da fada da furanni. Ni kuwa a ganina, kafin a duba kyan ƙasa, a fara duba yadda za a koma wurin mota: ko hanyoyin keken suna zagayawa su dawo da mutum, ko akwai jirgin ƙasa mai ɗaukar keke, ko jirgin fito da zai tsallakar da shi ɗaya gefen. Da wannan ma'auni na auna ƙasashe huɗu, na kuma ƙara da abin da ya shafi salla da abinci da sutura, domin su ma suna iya gyara hutu ko su ɓata shi.

Akwai sharuɗɗan da suka haɗa Holan da Faransa da Ostiriya, gara a kawar da su tun da wuri. Dukkansu suna cikin yankin Shengen, saboda haka biza ɗaya ta isa, kuma ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma kuɗin bizar babba ya koma Yuro 90 tun shekarar 2024. Tunda ba otal za a kwana ba, takardar hayar motar da ta zangon da aka kama su ne shaidar masauki. Lasisin tuƙin ƙaramar mota yana ba da damar tuƙa motar da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba, kuma yawancin motocin haya an ƙera su ne daidai wannan iyaka. Sai dai nauyin ya haɗa da mutane da ruwan tanki da tukunyar gas da kekuna. Keke mai batir ɗaya yana kai kilo 25, maratayin bayan mota kuma yawanci ba ya ɗaukar fiye da kilo 60, don haka iyali mai mutum huɗu sai ya yi lissafi tun kafin ya karɓi makulli. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya riƙe lasisin ƙasa da ƙasa tare da na gida. Abin farin ciki, duk ƙasashen nan huɗu hannun dama ake tuƙi, yadda muka saba.

Holan ce kowa ke fara ambata, kuma ta cancanta. Kekunanta sun fi mutanenta yawa, hanyoyin da aka ware wa keke kaɗai sun haura kilomita 30,000, ƙasar kuma shimfiɗe take, wuri mafi tudu a ɓangarenta na Turai kimanin mita 322 ne kawai. Amma abin da ya sa ta dace da mai mota shi ne tsarin mahaɗu masu lamba. Kowace mahaɗar hanyoyin keke tana da lambarta, da allo mai taswira, da kibiya mai nuna lambar gaba. Da safe sai ka rubuta jerin lambobi a takarda ka manna a kan keken, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, su zagaya da kai su dawo da kai ƙofar motarka. Kana son kilomita 15 saboda yara, ko 70 saboda ƙarfi ya zo, duk kai za ka tsara. Wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ne ya ƙirƙiro tsarin a lardin Limburg na Beljiyam, aka fara aiki da shi a 1995, daga nan ya bazu ko'ina a Holan. Da wannan tsari matsalar komawa wurin mota ta kau gaba ɗaya, ba sai an nemi jirgi ba.

Wuraren zuwa ma ba su da nisa da juna. A Kinderdijk, kusa da Rotterdam, akwai injinan iska 19 da aka gina don janye ruwa daga gonaki, kuma hanyar keke ta bi ta tsakaninsu. A gandun Hoge Veluwe akwai fararen kekuna da duk wanda ya biya kuɗin shiga zai hau kyauta, ga daji da tuddan yashi da barewa. Tsibirin Texel kuwa minti 20 ne a jirgin fito daga Den Helder, jirgin kuma yana ɗaukar mota. Wani abu da nake so mata da dattawa su lura da shi: keken Holan na gargajiya ba shi da sandar tsakiya, sarƙarsa a rufe take, tayar baya ma tana da kariya. Mai abaya ko doguwar riga za ta hau ba tare da fargabar tufafi su shiga sarƙa ba, kuma zama ake yi a miƙe, ba a sunkuye ba. Wanda ya yi shekara 20 rabonsa da keke, a Holan ya kamata ya sake koyo.

Inda Holan ta gaza shi ne wajen motar kanta. Ƙasa ce ƙarama mai cunkoso, kuma kwana a mota a inda ba a keɓe ba laifi ne da ake cin tara a kansa. Dole kullum ka kwana a zangon biya, ko a filin da ƙaramar hukuma ta ware, ko a ƙananan zangunan da manoma ke buɗewa a bayan gidajensu, waɗanda su na fi so saboda natsuwa da sauƙin kuɗi. A watannin Yuli da Agusta wuraren bakin teku suna cika tun da wuri. Mai yana cikin mafi tsada a Turai, ko da yake yawancin manyan hanyoyin ba a biyan kuɗin bin su. Sai iska. Ƙasar ba ta da tudu, amma iskar da ke tasowa daga teku tana iya mayar da kilomita 10 kamar hawan dutse, kuma ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko. Dabarar mutanen wurin ita ce a fita ana fuskantar iska da safe lokacin da ƙarfi yake, a dawo tana tura mutum ta baya. Satar keke kuma ta yi yawa a manyan birane, a riƙe kwaɗo biyu, a ɗaure keken da ƙarfen da ba ya motsi.

Faransa ta bi wata hanya dabam. Hanyoyin kekenta ba su kai na Holan ba, amma babu ƙasar da na sani ta karɓi mota mai ɗaki hannu bibbiyu kamarta. Dubban garuruwa da ƙauyuka sun tanadi filin da suke kira aire, inda ake ajiye irin wannan mota a kwana, a cika tanki da ruwa, a zubar da ruwan wanke-wanke da na bayan gida. Wasu kyauta ne, wasu kuɗi kaɗan, kuma da yawa suna tsakiyar gari, kusa da gidan burodi da kasuwa. Akwai kuma ƙungiyar France Passion, wadda ta haɗa gonaki fiye da 2,000 da ke barin ɗan ƙungiya ya kwana dare ɗaya kyauta. Da yawa daga cikinsu masu gonar inabi ne da ke yin barasa, kuma al'ada ce baƙo ya leƙa shagonsu, don haka Musulmi sai ya zaɓi masu awaki da cuku, ko masu zuma, ko masu lambu, littafin ƙungiyar yana nuna sana'ar kowa.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan hutu ita ce ta kogin Loire, kogi mafi tsawo a Faransa. Ana kiran ta Loire à Vélo, tana da kimanin kilomita 900 idan aka haɗa da rassanta, daga kusa da Nevers har zuwa Saint-Brevin-les-Pins a bakin tekun Atlantika. Yawancinta a kan ganuwar tare ambaliya take, ko a ƙananan hanyoyin ƙauye da mota ba ta dame su ba. Babu wanda ya ce sai an gama ta. Abin da ya sa na fifita ta shi ne layin dogo yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kogin, daga Orléans zuwa Blois, Amboise, Tours, Saumur, Angers da Nantes. Ka ajiye mota a Amboise, ka hau keke zuwa Tours, abin da bai kai kilomita 30 ba, ka ci abinci, ka yi salla, ka shiga jirgi da kekenka, cikin kusan minti 20 ka dawo. A lokacin bazarar Turai ma ana ƙara wa wasu jiragen wannan layi taragu na musamman don kekuna. Gobe ka matsar da motar gaba, ka sake yin haka. Iskar yankin daga yamma ta fi tasowa, saboda haka wani lokaci ya fi sauƙi ka fara shiga jirgi zuwa yamma, ka dawo wurin mota a kan keke iska na bayanka.

Kuma akwai abin gani a kowane zango, har sai mutum ya zaɓa. Tsakiyar kwarin, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a shekarar 2000. Fadar Chambord, wadda Sarki François na ɗaya ya fara ginawa a 1519, tana cikin daji da aka kewaye da katanga mai tsawon kilomita 32, kuma akwai hanyoyin keke masu zagaye tsakaninta da Blois. Fadar Chenonceau an gina ta ne a kan kogin Cher, ruwa na bi ta ƙarƙashinta. A Saumur akwai koguna da aka sassaƙa cikin farin dutse, wasu gidaje ne, wasu ana noman naman kaza a ciki. Amma wurin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Amboise. A fadar garin ne Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, bayan ya shafe shekaru yana yaƙar mamayarsu. Wasu daga cikin iyalansa da mabiyansa sun rasu a can, an binne su a harabar fadar, kuma yau akwai lambu da aka yi don tunawa da su. Musulmin da ya isa Amboise a kan keke, ya kamata ya hau ya yi musu addu'a kafin ya wuce.

Faransa ma da nata nauyin. Manyan hanyoyinta na biya ne, mota mai ɗaki kuma tana biyan fiye da ƙaramar mota saboda tsayinta, ko da yake wanda ba ya sauri zai iya bin hanyoyin cikin ƙasa kyauta, su ne ma suka fi daɗin kallo. Wasu manyan birane suna neman sitikar Crit'Air mai nuna yawan hayaƙin mota, a tambayi kamfanin haya ko motar tana da ita. Yaron da bai kai shekara 12 ba dole ya sa hular kwano a kan keke. Ƙarshen Yuli da Agusta duk ƙasar ke fita hutu, ga zafi da kan tsananta, shi ya sa Mayu da Yuni da Satumba suka fi. A ƙauyuka shaguna kan rufe da rana tsaka, kuma ba kowa ke jin Ingilishi ba. A nan ɗan Nijar ko ɗan Kamaru ko ɗan Cadi ya fi ɗan Najeriya da ɗan Gana samun sauƙi, domin da Faransanci zai yi cinikin cuku a gona, ya tambayi mai gyaran keke, ya karanta allon filin kwana ba tare da tafinta ba.

Ostiriya tana da hanyar da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin uwar hanyoyin keke na bakin kogi a Turai, wato ta kogin Danube daga Passau, a kan iyakar Jamus, zuwa Biyana, kimanin kilomita 320. Shimfiɗaɗɗiya ce, an yi mata kwalta, tana gangarowa a hankali tare da ruwa, kuma masu keke kan gama ta cikin mako guda. Kyanta ba ya buƙatar shaida: lanƙwasar Schlögen inda kogin ya juya ya koma baya tsakanin duwatsu masu daji, birnin Linz, da kwarin Wachau tsakanin Melk da Krems, mai gonaki a kan gangare da garin Dürnstein inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a ƙarshen 1192. A wurare da yawa akwai hanya a duka gaɓoɓin biyu, da ƙananan jiragen fito masu ɗaukar keke, irin na Spitz da Weißenkirchen. Ka tafi ta gaɓar arewa, ka tsallaka, ka dawo ta kudu. A Wachau wannan yana tafiya daidai, kuma kwana uku ko huɗu a can ba asara ba ne.

Duk da haka ba na sa ta a gaba ga mai mota. An tsara hanyar Danube ne don wanda zai bar Passau ya kwana a masauki dabam kowane dare har ya isa Biyana, ya dawo a jirgi. Daɗinta yana cikin ci gaba da tafiya, mai mota kuwa kullum sai ya yanke ta ya koma baya, kuma a wasu sassan layin dogo ya yi nesa da kogi. Dokokin kwana a mota sun bambanta daga jiha zuwa jiha, yawancinsu masu tsauri ne, filayen kwana masu araha kuma ba su kai na Faransa yawa ba. Bin babbar hanya sai da shaidar biya da suke kira vignette, motar da ta haura kilo 3,500 kuma sai an sa mata na'urar GO-Box mai lissafin kowace kilomita. Kogin kan yi ambaliya ya rufe hanyar, kamar yadda ya faru a Yunin 2013 da Satumbar 2024. Wanda zuciyarsa ke wannan yanki, ina ba shi shawarar ya duba kogin Mosel a Jamus, daga Trier zuwa Koblenz, kimanin kilomita 200. Kusan kowane ƙauye a bakinsa yana da filin kwanan mota da ake kira Stellplatz, sau da yawa a gaɓar ruwa, hanyar keke na wucewa ta gabansa, manyan hanyoyin Jamus kuma kyauta ne ga irin wannan mota. Illarsa ga wasunmu ita ce rayuwar kwarin gaba ɗaya a kan inabi da barasa take, bukukuwan ƙauyukan ma na hakan ne. A Jamus da Ostiriya kuma manyan shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi, a yi cefane tun Asabar.

Maroko ba ta cikin sahun waɗannan, kuma bai kamata a auna ta da mudunsu kaɗai ba. Dubban Turawa, yawancinsu 'yan fansho, suna tsallakawa da motocinsu daga Algeciras ta Sifaniya zuwa tashar Tanja Med kowane hunturu, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a jirgin ruwa, su gangara kudu neman rana. Saboda su an samu zanguna da yawa a Essaouira da Agadir da Tafraoute da Zagora, da filayen ajiye mota masu maigadi da ake biya kuɗi kaɗan. Rayuwa ta fi Turai araha nesa ba kusa ba. Ga Bahaushe kuwa akwai abin da babu ƙasar Turai da za ta ba shi: kiran salla yana iske shi a duk inda ya tsaya, nama ba sai ya tambaya ba, matarsa ba wanda zai kalle ta don ta rufe jiki. A Fas akwai zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, inda mutanenmu ke zuwa ziyara tun da daɗewa. Tsohon birnin mota ba ta shiga, lungunansa ma ba na keke ba ne, sai a ajiye komai a waje a taka da ƙafa. A can kuma za ka ga majema, ka tuna cewa jan fatar akuya da ake jemewa a ƙasar Hausa ta bi ayari ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko.

Sai dai ta fuskar keke, Maroko ta masu ƙarfin gwiwa ce. Hanyoyin da aka ware wa keke kaɗan ne ƙwarai, da motoci da manyan motoci da amalanke za ka raba kwalta. Wuraren da suka fi kyau kuma duwatsu ne: kwazazzaban Dadès da Todra, zagayen Tafraoute, da mashigar Tizi n'Tichka tsakanin Marrakesh da Warzazat, wadda ta haura mita 2,200. Ga gwanin keke wannan shi ne abin nema, hawa mai tsawo, iska mai tsabta, ƙauyukan jar ƙasa da gonakin dabino a ƙasan kwari. Ga mai yara ƙanana kuwa ban ga dalilin kasada ba. Layin dogo a Marrakesh ya tsaya, kudu da nan babu jirgin da zai mayar da kai wurin mota, sai dai ka je ka dawo ta hanya ɗaya, ko mutum ɗaya ya tuƙa motar ya tari masu keke a gaba. Wannan tsari na biyu yana aiki sosai idan akwai direbobi biyu suna karɓa-karɓa. A Essaouira iskar teku tana kaɗawa kusan kullum da ƙarfi irin na tsakiyar hunturunmu. Lokacin zuwa daga Oktoba ne zuwa Afrilu, da sanin cewa dusar ƙanƙara kan rufe mashigun duwatsun Atlas a Janairu da Fabrairu, bazara kuwa zafin Marrakesh yana wuce digiri 40. Tuƙin dare a bar shi. Babban cikas kuma shi ne yawancin kamfanonin hayar Turai ba sa yarda a tsallaka da motarsu Afirka, inshorar ma ba lalle ta kai can ba. Shi ya sa Maroko ta fi dacewa da ɗan'uwan da ke zaune a Faransa ko Beljiyam ko Jamus ya mallaki motarsa. Sharaɗin shiga ƙasar kuma dabam yake da na Shengen, ya danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi, kuma mai bizar Shengen ta shiga ɗaya ba zai iya komawa Sifaniya ba bayan ya fita.

Batun ibada a Turai yana buƙatar shiri fiye da yadda ake zato. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Amsterdam sai wajen ƙarfe 10 na dare, ta kuma fito kafin 5 da rabi, saboda haka tsakanin lisha da asuba 'yan sa'o'i ne, mai keke kuma yana buƙatar barci. A kwarin Loire abin ya ɗan fi sauƙi, a Satumba kuwa ko'ina lokutan sun daidaita. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar Satumba. Masallatan Juma'a suna manyan garuruwa: Rotterdam tana da masallacin Essalam da na Mevlana, Biyana tana da cibiyar Musulunci da aka buɗe a 1979 kusa da bakin Danube, Orléans da Tours da Nantes duk akwai jama'ar Musulmi da mahautan halal. A nan motar ke nuna amfaninta. Ka sayi nama a birni ka sa a firiji, ka dafa abincinka a ƙauyen da babu abin da za ka iya ci a gidan abincinsa, ga ruwan alwala da buta da wurin shimfiɗa darduma. A tuna dai tankin ruwa bai cika wuce lita 100 ba, kuma akwatin bayan gida yana buƙatar zubarwa duk bayan kwana biyu ko uku, don haka yawan wuraren zubarwa a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne, a nan ma Faransa da Jamus ke gaba.

Hijabi ba shi da matsala a titi a ko'ina cikin waɗannan ƙasashe, amma niƙabi dabam ne. Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Ostiriya tun 2017, Holan kuma tun 2019 ta hana a jiragen ƙasa da bas da asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati, ban da kan titi. Iyalin da wannan ya shafa, Holan ta fi musu sauƙi a cikin ukun, musamman da yake tsarin lambobinta ba ya tilasta shiga jirgi.

Da za a ce in zaɓa wa wanda zai fara, mai mako biyu da motar haya, Faransa zan ce, tsakanin Blois da Saumur, a Yuni ko Satumba. A can ne motar da keken suke samun haƙƙinsu daidai, kwana ba tsada, jirgi na mayar da mutum, kowace rana kuma da sabon abin gani. Idan da yara 'yan ƙasa da shekara 10 a tafiyar, ko wadda ba ta saba da keke ba, ko dattijon da gwiwa ke damu, to Holan ta sha gaba, a kama zango biyu ko uku tun watanni kafin tafiya, a zauna kwana huɗu a kowanne ana zagaye. Danube a bar ta sai ranar da za a tafi da keke kaɗai ba mota, wanda ya matsu da yankin kuma ya ɗauki Mosel ko ya tsaya a Wachau. Maroko kuwa ta mai motar kansa ce da wata guda a hannu, da abokin tuƙi, da ƙafafun da suka saba da hawa, ya fara da Fas ya yi ziyara, sannan ya gangara kudu kafin zafi ya shigo a watan Mayu.